Kilomita 360 a Taswira, Dubu Huɗu a Tikiti

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar ƙuryar arewacin duniya, ya auna tsakanin ƙauyen Grise Fiord na ƙasar Kanada da garin Qaanaaq na tsibirin Girinlan, zai sami kimanin kilomita 360. Tazarar ba ta ɗara ta Kano zuwa Abuja a miƙe da wani abin kirki ba. Ƙaramin jirgin nan mai farfela biyu, Twin Otter, wanda shi ne ke sauka a Grise Fiord, zai iya cinye ta cikin kamar awa ɗaya da rabi. Sai dai babu kamfanin da ke sayar da tikitin wannan tafiya, domin babu jirgin fasinja da aka tsara wa bin hanyar.

Mutumin Grise Fiord da ke son kai ziyara Qaanaaq, wadda ke gabas da shi, yamma zai fara dosa. Zai tashi zuwa Resolute, kilomita 380 a kudu maso yamma, kuma wannan zango na farko kaɗai ya fi ainihin tafiyar da yake nufin yi tsawo. Daga can ya gangara kudu zuwa Iqaluit, babban birnin yankin Nunavut, kimanin kilomita 1,570. Idan ya yi sa'a watannin zafi ne, yana iya samun jirgin da ke tsallaka teku zuwa Nuuk, babban birnin Girinlan, kilomita 820. Sannan ya sake nausawa arewa, yana yada zango a Ilulissat da Upernavik, wasu kilomita 1,600, kafin ya sauka a Qaanaaq. Jimilla ta haura kilomita 4,300, wato ninkin tazarar asali sau goma sha biyu. In kuwa hunturu ne, babu jirgin Nuuk, dole ya wuce Otawa, ya tsallaka tekun Atlantika zuwa Aisilan ko Kofanhegan, sannan ya juyo baya. A nan lissafin yakan zarce kilomita 11,000. Da yake wasu daga cikin jiragen ba kullum suke tashi ba, tafiyar awa ɗaya da rabi takan koma ta kwanaki, da kuɗin masauki a kowane zango.

Amsar da aka saba bayarwa game da wannan al'amari ita ce, haka yanayin ƙasa ya hukunta, kuma haka kasuwa ta ga dama: mutane kaɗan ne, wuri da nisa, sanyi da tsanani, man jirgi da tsada. Amsar tana da daɗin ji domin ba ta ɗora wa kowa alhaki. Amma tarihin garuruwan biyu ya ƙaryata ta. Hukumomin Otawa da na Kofanhegan ne suka kafa garuruwan a inda suke, su ne suka ja iyakar da ta raba su, su ne kuma suke zaɓar hanyoyin da kuɗin gwamnati zai riƙe da waɗanda za a bari su mutu. Saboda haka kilomita dubu huɗun da aka ƙara wa matafiyi bashi ne a wuyan waɗannan hukumomi.

Hanyar da ta riga iyaka

Tsibirin Ellesmere, inda Grise Fiord take, da arewa maso yammacin Girinlan, inda Qaanaaq take, wani siririn mashigin teku ne ya raba su, wanda a wurin da ake kira Smith Sound faɗinsa bai kai kilomita sittin ba. A yawancin shekaru ƙanƙara takan daskare a wannan mashigi ta zama gada. Kudu da gadar kuma akwai wani makeken fili na ruwa da ba ya daskarewa ko a tsakiyar hunturu, wanda mutanen yankin ke kira Pikialasorsuaq, inda dabbobin teku da tsuntsaye ke taruwa. Ta wannan gada kakannin al'ummar Inuit suka shiga Girinlan daga yamma ƙarnoni da dama da suka wuce.

Hanyar ba ta mutu da tsufa ba. A tsakiyar ƙarni na 19 wani jagora mai suna Qillarsuaq ya taso da jama'arsa daga tsibirin Baffin, suka yi shekaru suna tafiya a kan ƙanƙara da karnuka, suka ratsa Ellesmere, suka isa wurin mutanen arewacin Girinlan, waɗanda ake kira Inughuit, a wajajen shekarun 1860. Sun tarar da su sun rasa wasu dabarun da kakanninsu suka sani, sai suka maido musu da kwale-kwalen fata, da kwari da baka, da mashin kamun kifi. Aka yi auratayya, kuma har yau da yawa daga cikin mutanen Qaanaaq suna danganta kansu da waɗancan baƙi. Maharban Inughuit sun ci gaba da tsallakawa Ellesmere farauta har cikin ƙarni na 20.

Wannan zirga-zirga ce ta tayar wa Kanada hankali. A 1922 ta kafa ofishin 'yan sanda a Craig Harbour da ke kudancin Ellesmere, a 1926 ta ƙara wani a Bache Peninsula, domin ta nuna tsibirin nata ne, ta kuma taka wa maharban Girinlan birki. Abin mamaki, 'yan sandan da aka tura ba su iya rayuwa a wurin su kaɗai ba, sai da suka ɗauki mutanen Inughuit aiki, su nuna musu hanya, su tuƙa musu karnuka. Waɗanda ake son a hana shiga ƙasar su ne suka riƙe wa hukuma hannu har ta tsaya da ƙafafunta a cikinta.

Shekarar 1953 a gaɓa biyu

Grise Fiord da Qaanaaq tagwaye ne ta fuskar tarihi, domin a shekara ɗaya aka haife su, kuma ta hanya iri ɗaya.

A gefen Girinlan, yarjejeniyar tsaro ta 1951 tsakanin Denmak da Amurka ta ba sojojin Amurka damar gina katafaren sansanin jiragen sama na Thule, dab da tsohon mazaunin Inughuit da ake kira Uummannaq. A watan Mayun 1953, da aka so faɗaɗa sansanin, aka ba mutane fiye da ɗari wa'adin 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu su bar gidajensu da kaburburan iyayensu. Suka yi tafiyar kimanin kilomita ɗari zuwa arewa, suka zauna cikin tantuna kafin a gama gina musu gidaje a Qaanaaq. Sai a 1999 wata babbar kotun Denmak ta yanke hukuncin cewa ƙwace aka yi musu, ta ba da diyya ƙalilan, Firaminista Poul Nyrup Rasmussen kuma ya nemi gafara. A 2003 Kotun Ƙoli ta tabbatar da diyyar, amma ta ƙi ba su izinin komawa.

A gefen Kanada, a watannin zafi na wannan shekara ta 1953, jirgin ruwan gwamnati mai suna C.D. Howe ya kwaso iyalai daga Inukjuak da ke arewacin lardin Kwibek, ya yi tafiyar kimanin kilomita 2,000 da su zuwa arewa, tare da wasu iyalai daga Pond Inlet na tsibirin Baffin da aka ɗauko su koya musu zaman wurin. An raba su a cikin jirgi, wasu aka sauke su a Resolute, wasu a kudancin Ellesmere. An ƙara kawo wasu a 1955, jimillarsu ta kai kusan mutum casa'in. An yi musu alkawarin yalwar namun daji, da cewa wanda bai ji daɗi ba za a maido shi gida bayan shekara biyu. Ba a cika alkawarin ba. Mutanen da ba su taɓa ganin watanni uku na duhu babu fitowar rana ba, suka wayi gari cikinsa da yunwa. Gwamnati ta daɗe tana cewa don a rage musu fatara aka kai su. Waɗanda abin ya shafa, da masana tarihi da dama, sun ce an dasa su ne kamar sandunan tuta domin a tabbatar da ikon Kanada a tsibiran arewa. Hukumar bincike ta ƙasa kan al'ummomin asali ta yi Allah wadai da ƙaurar a rahotonta na 1994, aka kafa asusun dala miliyan 10 na Kanada a 1996, kuma a watan Agustan 2010 gwamnati ta nemi gafara.

Wannan tarihi yana da muhimmanci ga maganar jirgi saboda dalili guda. Idan mutane suka zaɓi su zauna a lungu don raɗin kansu, ana iya ce musu su ɗauki wahalar abin da suka zaɓa. Mutanen Grise Fiord da na Qaanaaq ba su zaɓa ba. An ajiye su ne a inda suke domin biyan buƙatar ƙasa, kuma ƙasashen sun ci moriyar: Denmak ta sami kujera mai daraja a ƙawancen tsaro da Amurka, Kanada ta sami mazauna da za ta nuna wa duniya, waɗanda har yau 'ya'yansu ke yi mata sintiri a rundunar sa-kai ta Canadian Rangers. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Hujjar kasuwa

Hujja mafi ƙarfi da masu adawa ke kawowa ita ce ta yawan jama'a. Ƙidayar 2021 ta sami mutum 144 a Grise Fiord. Qaanaaq ba ta wuce mutum ɗari shida da 'yan kai ba. Ko tsakanin manyan biranen biyu, Iqaluit da Nuuk, kamfanin Air Greenland ya gwada jigila a watannin zafi daga 2012 zuwa 2014 ya daina, sai a 2024 aka sake buɗe hanyar, sau ɗaya a mako, a watannin zafi kawai. Idan birane masu dubban mutane suka kasa cika jirgi, in ji su, ina ga ƙauyuka biyu?

Lissafin gaskiya ne, amma an ɗora shi a kan tushen da ba shi da gaskiya, wato cewa kasuwa ce ke riƙe da sauran hanyoyin jiragen arewa. Garuruwa 25 ne a Nunavut, babu biyu da titin mota ya haɗa su, haka ma garuruwan Girinlan. Gwamnatin Girinlan tana biyan kamfanin jirgi kuɗin kwangila domin ya ci gaba da zuwa ƙananan garuruwan da ba su da riba. A Nunavut, kujerun da gwamnati ke saye domin kai marasa lafiya asibiti da ma'aikata wurin aiki su ne ƙashin bayan cinikin kamfanonin. Tun 2011 Otawa ke ba da tallafin jigilar abinci ta sama a ƙarƙashin shirin Nutrition North. Jirgin da ke tashi daga Resolute zuwa ƙauye mai mutum 144 ba don riba tsagwaronta yake tashi ba. An yanke shawara ne cewa wannan hanya dole ta rayu, aka nemo mata kuɗi.

Idan aka dubi hanyoyin da aka yanke wa irin wannan shawara, sai a ga duk fuska ɗaya suke kallo. Daga ƙauye zuwa cibiyar yanki, daga cibiyar yanki zuwa babban birni, daga can zuwa Otawa ko Kofanhegan. Hanya ce ta asibiti da kotu da ofis da kanti, wadda ke ɗaure talaka da hukuma. Hanyar da ke haɗa maƙwabci da maƙwabci, ta gabas da yamma, ita ce aka bar wa kasuwa, sannan aka juyo ana cewa kasuwa ta ƙi ta.

Kuma kuɗi ba ya ɓata idan buƙatar ta manya ce. A 2018, da ake fargabar kamfanin ƙasar Sin zai sami kwangilar gina filayen jiragen Girinlan, gwamnatin Denmak ta zuba kurona miliyan 700 ta sayi kaso a aikin. A ƙarshen Nuwamban 2024 aka buɗe sabon titin jirgi mai tsawon mita 2,200 a Nuuk, kuma a watan Yunin 2025 jirgin United Airlines ya fara tashi kai tsaye daga Newark na Amurka. Ɗan yawon buɗe ido daga Amurka yanzu yana isa Nuuk cikin 'yan awoyi, alhali maharbin Grise Fiord yana buƙatar kwanaki kafin ya taka garin da ya fi kowane gari kusa da shi.

Hujjar yanayi da ta iyaka

Hujja ta biyu ita ce haɗari. Titin jirgin Grise Fiord na tsakuwa ne, tsawonsa kimanin mita 500, duwatsu sun kewaye shi, iska da hazo sukan hana sauka. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu rana ba ta fitowa. Duk wannan haka yake. Amma jirgin da ke zuwa daga Resolute a kan wannan titi yake sauka, cikin wannan duhu, bayan ya ratsa ruwa da ƙanƙara na kilomita 380. Titin Qaanaaq, wanda aka buɗe a 2001, mita 900 ne, kusan ninki biyu na wanda matuƙan suka saba da shi. Tsallaka buɗaɗɗen teku yana buƙatar tanadi na musamman da yini mai kyawun yanayi, kuma wannan dalili ne na a yi shiri, a zaɓi watannin haske. Bai isa ya zama dalilin rufe hanyar shekara da shekaru ba.

Shaida mafi ƙarfi tana wucewa ta saman kawunan mutanen yankin sau biyu a shekara. A ƙarshen arewacin Ellesmere Kanada tana da tashar soja ta Alert, kilomita 817 daga tsakiyar ƙuryar arewa. Man fetur da kayan da tashar ke rayuwa da su, ta sansanin Thule ake bi da su, wanda aka sake wa suna Pituffik a 2023. Jiragen sojan Kanada sukan yi ta safara tsakanin Girinlan da Ellesmere a wani aiki da ake kira Boxtop, suna tashi daga titi mai tsawon kusan kilomita uku da aka shimfiɗa a ƙasar da aka kori Inughuit daga cikinta. Ashe gadar sama tsakanin tsibiran biyu tana nan, an daɗe da gina ta, kuma ƙasashen uku sun san yadda ake daidaita takardunta. Gangunan mai ne kawai ke da izinin hawa.

Saura hujjar iyaka. Wanda ya shiga Kanada dole ya gabatar da kansa ga jami'an kwastan da shige da fice, kuma ƙauye mai mutum 144 ba shi da irin wannan ofishi. Girinlan tana da mulkin cikin gida tun 1979, aka faɗaɗa shi a 2009, amma harkokin waje da tsaro suna hannun Kofanhegan, kamar yadda iyakar Nunavut ke hannun Otawa. Wannan shi ne cikas na gaske, kuma shi ne wanda ya fi sauƙin kawarwa, domin da alƙalami aka yi shi. Jami'i ɗaya da zai bi jirgin a ranar tafiya, ko izini ga 'yan sandan da ke ƙauyen su duba fasfo, zai wadatar.

Alkawuran da ke kan takarda

Ba a rasa alkawari ba. Sashe na 36 na sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin al'ummomin asali, ta 2007, ya tanadi cewa al'ummar da iyakar ƙasa ta raba tana da haƙƙin ci gaba da hulɗa da 'yan uwanta na ƙetare, kuma wajibi ne gwamnatoci su sauƙaƙa hakan. Denmak ta goyi bayan sanarwar tun farko. Kanada ta ƙi da fari, daga baya ta karɓa, har ta yi dokar aiwatar da ita a 2021.

Su ma mutanen yankin sun faɗi abin da suke so da bakinsu. Ƙungiyar Inuit ta ƙasa da ƙasa ta kafa kwamiti kan Pikialasorsuaq, wanda ya haɗa da tsohuwar Firimiyar Nunavut Eva Aariak da tsohon Firimiyan Girinlan Kuupik Kleist. Kwamitin ya zagaya garuruwan gaɓoɓin biyu, har da Grise Fiord da Qaanaaq, ya saurari jama'a, kuma cikin shawarwarin da ya fitar a 2017 akwai a maido wa Inuit 'yancin zirga-zirga a yankin. A watan Yunin 2022 Kanada da Denmak da Girinlan suka kawo ƙarshen jayayyar kusan shekara hamsin kan tsibirin Hans, wanda Inuit ke kira Tartupaluk, suka raba shi biyu, suka kuma amince Inuit su yi yawo a kansa babu shamaki. Tsibirin dutse ne tsurarsa, bai kai murabba'in kilomita ɗaya da rabi ba, kuma babu mai zama a kansa. An ba da 'yancin tafiya a inda babu wanda za a je gaisarwa.

Lokaci kuma ba ya jira. Gadar ƙanƙarar da kakanni suka bi tana raunana da ɗumamar yanayi, a 2007 ma ba ta haɗu ba sam. Tsohuwar hanyar ƙasa tana narkewa, sabuwar ta sama ba a buɗe ba. Dattawan da suka san labarin gaɓoɓin biyu suna ƙarewa, alhali ana sa ran jama'ar garuruwan nan su haɗa kai wajen kula da ruwan da suke ci daga cikinsa, a daidai lokacin da jiragen ruwa ke ƙaruwa a tekun arewa. Zumunci a ƙafa yake, kuma mutanen da ba sa haɗuwa ba za su iya kula da dukiya ɗaya da murya ɗaya ba.

Abin da ake buƙata bai kai girman hujjojin da ake kawowa don ƙin yin sa ba. Babu wanda ya nemi jirgi kullum. Ana maganar tashi 'yan lokuta a shekara, a watannin haske, a ranakun da kowa ya sani tun da wuri, da jirgi mai kujeru ƙasa da ashirin wanda dama yana kwana a Resolute. Gwamnatocin Kanada da Denmak su raba kuɗin, na Nunavut da Girinlan su tsara jadawalin tare da mutanen garuruwan, a sa farashin tikiti daidai da na kilomita 360, a kuma aiko da jami'in da zai buga hatimi a fasfo. Otawa ta nemi gafara a 2010, Kofanhegan ta nema a 1999. Daga cikin hanyoyin da za a gane ko neman gafarar nan ya wuce fatar baki, akwai ranar da jirgi zai tashi daga titin tsakuwar Grise Fiord ya juya hancinsa gabas, ya sauka a Qaanaaq bayan awa ɗaya da rabi.